Tokar Tsohon Rumbu

Ku matso kusa, kuma kowa ya ajiye dariyarsa, yau ba ranarta ba ce.

A wani ƙauye damina ta yi ta gardama shekara da shekaru, gero ya fito ya bushe a tsaye. Mai unguwa Jatau na zaune ƙofar gida yana kallon mutanensa suna ɗaure kaya, zuciyarsa kamar ta fashe. Kullum idonsa na kan kufan da ke bayan gari. Ai mutanen zamanin da su ma sun ga fari, to da me suka rayu? Ya tara 'ya'yansa uku, ya ce, "Duk wanda ya hana garin nan watsewa, shi zan ba babbar gonata."

Ɗansa Barau haƙar rijiya ce sana'arsa. Ya shiga kufai ya yi ta tono har ya iske gindin wani rumbu da gobara ta cinye tun zamanin kakanni. Ya cika kwando da tokar, aka ja sama, sai ramin ya rufta masa. An ciro shi da rai, amma bai sake takawa ba.

'Yarsa Kuluwa kuwa ta karanci tonon kayan tarihi a jami'a. Ta zuba tokar a ruwa, ƙonannun ƙwayoyi suka taso, ta tace. Ta duƙufa tana tsinta da tsinke a tsakar rana har ganinta ya dushe. Ta sami dawa gauraye da 'ya'yan aya-aya, ciyawar da ba ta fita sai a ƙasa mai laima. Ta ce, "Baba, ba a tudu suke noma ba. A kwari suke shuka, bayan ruwa ya janye."

Wa zai zuba iri a laka bayan damina? Kowa ya ce hauka ne. Ɗan'uwansu Nomau ya kwashe ragowar dawar rumbunsa, matarsa na kuka tana cewa, "Malam, abincin yara ne fa!" Ya shuka. Dawa ta yi, wallahi ta yi, mutane suka kwance kaya. Amma autan Nomau bai kai ranar girbi ba.

Jatau ya dubi gurgu, ya dubi mai lalube, ya dubi wanda ya binne ɗa. Hawaye suka zubo masa. Gona ɗaya ce, kuma ya riga ya yi alkawari.

To, jama'a, in ku ne Jatau, wa za ku ba?