Muryar Da Darakta Ya Goge

Akwai wani tsoho da 'yan unguwa ke kira Darakta, alhali fim ɗaya tak ya taɓa yi, tun zamanin hoto baƙi da fari, kuma ko masu sayar da kaset ba su san da shi ba.

Fim ɗin labarin wani mai zane ne da matar da yake zanawa. Shi ya fito a mai zanen, matarsa ta fito a wadda ake zanawa. Kyakkyawa ce ta gaske, sai dai muryarta na da kauri, in ta yi dariya har maƙwabta sai sun ji.

Darakta kuwa akwai ji da kai. Da ya saurari abin da aka ɗauka, sai ya yamutsa fuska.

"Wannan muryar taki za ta ɓata min aiki. Fuskarki kawai nake buƙata."

"Maigida, ai ni da muryata tare ka auro mu," in ji ta, tana murmushin yaƙe.

Ko a jikinsa. Ya nemo wata mai siririyar murya ta ɗora magana, ya goge ta asalin. Ranar da aka haska fim ɗin, matar ta zauna tana kallon leɓɓanta suna motsi da muryar wata. Tun daga ranar, dariyar nan ta ɗauke a gidan.

Shekaru suka ja. Ta rasu, shi kuma ya makance. Abin da ya fi cin ransa, ya fara manta yadda take magana.

Wata rana 'yarsu ta tono faifan fim ɗin a ƙasan akwati, ta kai aka juye mata a waya.

"Baba, ga Mama! Ga ta a bakin taga!"

Tsoho ya kara kunne. Sai fuskarsa ta canza.

"Wannan ba ita ba ce."

"Wallahi ita ce, Baba."

"Ke kike ganinta. Ni baƙuwa nake ji." Sannan ya ce, "Ki tuna min, yaya take dariya?"

'Yar ta share hawaye. "Baba, ni ban taɓa jin ta yi ba."

Har yau yakan sa a kunna masa fim ɗin a kashe sautin, ya zauna yana kasa kunne.

Darasi: Kada ka zaɓi abin da ya yi maka a jikin mutum ka watsar da saura. Abin da ka raina yau, wata rana shi za ka nema ido rufe. Ku tura wa wani, ko Allah zai sa ya saurari na kusa da shi tun yana nan.