Manomin da Ya Tare Buhunsa

Akwai wani manomi a wani ƙauye mai nisa da birni, yana da mata da 'ya'ya biyu. Babbar, Tabita, shekararta shida, ƙaramin kuwa jariri ne. Mutumin nan mai tsoron Allah ne, mai tattali ƙwarai, ba ya sayen abin da bai zama dole ba. Ya daɗe yana jin labarin bikin Kirsimeti na babban birni, yadda ƙungiyoyin mawaƙa daga ikilisiyoyi dabam-dabam sukan taru a wani babban fili bayan sujada, a yi ta waƙa da kiɗa har yamma, kuma ba a biyan kuɗin shiga. A shekarar da dawarsa ta yi kyau, ya ce zai je ya gani da idonsa, zai kuma tafi da Tabita. Matarsa tana jego, ba za ta iya tafiya ba.

Domin kada ya sayi kome a birni, sai ya cika buhu da dafaffen rogo, da ƙuliƙuli, da galan na ruwa, da tabarma, da bargo, gama ya yi niyya su kwana a harabar wata majami'a. Da matarsa ta ga buhun, ta ce, "Baban Tabita, hannu biyu Allah ya ba ka. Buhun nan kaɗai zai cinye biyun. Yarinyar fa?"

Ya ce, "Kafaɗata ta mece ce? Buhu a kafaɗa, yarinya a hannu."

Suka shiga motar asuba, suka isa birni da hantsi. A tasha wani mai ajiyar kaya ya ce masa, "Baba, kawo buhun nan in ajiye maka, ka ba da abin da ya sawwaƙa. Yau gari a cike yake, ba ranar yawo da kaya ba ce." Manomin ya ƙi. Mai keke ya ce zai kai su har bakin filin, wannan ma ya ƙi. Ya saɓa buhunsa, ya kama hannun 'yarsa, suka bi ƙafa.

Tun kafin su kai filin, hanya ta toshe da mutane. Manomin bai taɓa ganin jama'a haka ba, ko a ranar kasuwa. Ba inda za ka sa ƙafa sai ka taka ta wani. Ganguna suna tashi ta kowane gefe, mata cikin zane iri ɗaya suna rera waƙa suna tafe. Tabita ba ta ganin kome sai ƙafafun mutane, ta ƙara matse yatsun ubanta.

Mutanen birnin nan kuwa sun taɓa ganin tashin hankali, shi ya sa ƙara kaɗan takan firgita su. Ana cikin tafiya sai wasu suka jefa abin fashewa na wasa, irin wanda ake sayarwa lokacin biki. Ya fashe sau uku a jere. Wani ya yi ihu, "Bindiga!" Nan take taro ya juya da gudu. Aka bangaji manomin ta baya, buhun ya zame daga kafaɗarsa zai faɗi. Bai yi shawara da zuciyarsa ba, sai kawai ya kai hannu biyu ya tare shi.

Da ya sāke miƙa hannunsa ƙasa, ba Tabita.

Ya kira sunanta, amma ko shi kansa bai ji muryarsa ba saboda ihu. Jama'a ta kwashe shi kamar ruwan kogi, ta kai shi wani titi da bai sani ba. Da gudun ya lafa, mutane suka gane wasa ne, waɗansu har suna dariya. Shi kuwa yana tsaye rungume da buhu. A ƙasa ga takalma warwatse, manya da ƙanana, waɗanda masu su suka gudu suka bari. Ya duƙa yana duba ƙananan ɗaya bayan ɗaya, yana tsoron kada ya ga nata.

Ya tambayi wani, "Ka ga yarinya ƙarama mai jar riga?" Mutumin ya ce, "Malam, yau Kirsimeti. Rabin yaran garin nan jar riga suka sa." Ya so ya koma inda abin ya faru, amma duk titunan iri ɗaya ne a idonsa. Ya tuna da labaran yaran da suka ɓata a birni ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Ya tuna zai shiga gida shi kaɗai, matarsa za ta dubi bayansa ta ga ba kowa. Buhun kuma yana hana shi kutsawa cikin mutane. Sai ya jefar da shi a bakin kwata, bai ko waiwaya ba, ya yi ta gudu yana kira, yana cewa, "Ya Ubangiji, ka yi mini jinƙai."

Sai bayan rana ta karkata ya ji wata murya tana cewa, "Kai, mai kiran Tabita! Zo nan." Wata tsohuwa ce mai tuyar ƙosai a bakin hanya. Lokacin da aka fara gudu ta ga yarinya ta faɗi, ta jawo ta ƙarƙashin teburinta kafin a tattake ta. Ga Tabita zaune a kan kujerar tsohuwar, gwiwarta ta ƙuje, ta yi kuka har ta gaji.

Tsohuwar ta ce, "Ɗana, ina ka sa hannunka har 'yar mitsitsiya haka ta kuɓuce maka?"

Manomin ya durƙusa, ya rungume 'yarsa. Daga baya ya ce wa yarinyar a hankali, "Tabita, ban ce ki riƙe ni da kyau ba?"

Ta dube shi ta ce, "Na riƙe ka, Baba. Kai ne ka sake ni."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: manomin nan kowannenmu ne. Buhun shi ne abin da muke tattali, abincinmu, da sana'armu, da ɗan abin da muka tara. Ba mugun abu ba ne. Rogo ne da tabarma, kuma tattali hali ne mai kyau wanda ni ma nake koya wa 'ya'yana. Yarinyar kuwa ita ce abin da Allah ya ba mu amana wanda ba a sayensa a kasuwa, wato ran 'ya'yanmu, da zaman gidanmu, da bangaskiyarmu ga Yesu Almasihu.

Ku lura, mutumin nan yana ƙaunar 'yarsa. Da an tambaye shi a gida wanne zai zaɓa, da ya yi fushi da mai tambayar. Amma ranar firgita ba ta ba mutum lokacin tunani. Hannu yakan tafi wurin abin da ya saba karewa, shi kuwa tun daga ƙauye har tasha buhun yake karewa. Wannan ne abin da yake ba ni tsoro, domin ni ma ban san inda hannuna zai tafi ba sai ranar ta zo.

Allah ya ji tausayin manomin, ya ajiye masa tsohuwa a bakin hanya. Ba a yi wa kowa alkawarin irin wannan tsohuwa ba. Saboda haka a wannan Kirsimeti, tun hanya tana da sauƙi, kowa ya dubi abin da ya saɓa a kafaɗa. In ya yi nauyin da zai bukaci hannu biyu, a sauke shi yau, kafin a fara gudu.