Allon Zayyanar Mudi

Ku matso kusa, amma wanda ya san zai yi fushi in an ƙi bin ra'ayinsa ya koma baya.

A wani gari an yi wani mai zayyanar allo, Mudi. Duk yaron da ya sauke Alƙur'ani, shi ke ƙawata masa allo. Sai ƙwaya ta kama shi. Hannu ya soma rawa, layi ya karkace, har ya daina zuwa masallaci. Likita ya ce in bai bari ba, da wuya ya ga baɗi.

Mutum uku suka tashi ceto shi, ba wanda ya gaya wa wani, don kowa na zargin ɗayan ne ke kai masa ƙwayar.

Gambo mai shayi, abokinsa, ya bi dillalan ƙwaya ɗaya bayan ɗaya yana raɗa musu cewa Mudi ɗan rahoton 'yan sanda ne. Daga ranar, ko inuwar Mudi suka hango sai su haura katanga. Sau ɗaya ma sun tare shi sun fasa masa baki.

Yayarsa Tabawa kuwa ta gano ragowar da ya ɓoye a cikin tsohon kurtun tawada. Ba ta zubar ba. Kullum sai ta buɗe kwanson ƙwayar, ta rage garin, ta cika da garin masara. Mudi na haɗiya yana tsaki: "Yaya, duniya ta lalace, har ƙwaya an fara algus!" Ita ce kuma ta riƙe shi kwanakin da yake amai da karkarwa.

Ladan, Malam Sidi, ya kawo allo ya ce 'yarsa za ta yi sauka, amma sai a rumfar masallaci za a zana, da alwala. Duk wanda Mudi ya gama, sai ya duba ya ce, "Ɗana, nan ya ɗan goce, wanke." Haka har wata uku, salla biyar na samun Mudi a sahu. Ashe 'yar tasa ko yaye ta ba a yi ba.

Ranar da hannun ya tsaya cak, Mudi ya fitar da zayyanar da bai taɓa yin irinta ba. Amma ya fara shakka, yana ganin da hannun wasu a warkewarsa. Ya tara su ukun, ya tsare su da ido, kowa ya faɗi abin da ya ƙulla.

"Wato dukanku ƙarya kuka yi mini," in ji shi. "Har da kai, Malam?"

Malam ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Allo dai ɗaya ne, Mudi kuma ya rantse sai ya ba wanda ya fi cetonsa. Ba don Gambo ba, da ya sayo wata. Ba don Tabawa ba, da yankewar farat ɗaya ta kwantar da shi. Ba don Malam ba, da ya warke ya rasa abin riƙewa, ya koma.

To jama'a, a cikin maƙaryatan nan uku, wa za a miƙa wa allon?