Wa Ya Fito Da Jarumi Daga Rijiya?

Akwai wani marubucin fim, jama'a, da kowa a wurin aikinsu ke kira Biro, saboda ko wanka zai shiga sai an tuna masa ya zare biron da ke maƙale a kunnensa.

Shekararsa shida a kamfanin, amma sunansa bai taɓa fitowa a fim ba. Kuma ba za a ce an zalunce shi ba, don aikinsa kwafi ne kawai. Mai kamfanin, wanda suke kira Oga, zai samo tsohon fim na aljanu da dodanni daga wata ƙasa, ya ce a sake shi yadda yake. Akwai wani na takobin tsafi da suka sake har sau uku, launin rigar jarumi kaɗai ke canzawa.

Abin da ke damun Biro shi ne babansa. Tsohon mai haƙar rijiya ne, ganinsa kullum raguwa yake, likita kuma ya ce ba zai dawo ba. Bokonsa kaɗan ne, amma sunan ɗansa ya san shi harafi-harafi.

"Kai da kullum ka ce kana rubuta fim," in ji Baba, "yaushe zan ga sunanka? Ka hanzarta fa, idon nan ba jirana yake ba."

Wata Litinin Oga ya kira Biro ofis, ya kunna masa wani fim a kwamfuta, cikin yaren da babu mai ji a cikinsu.

"Wannan za mu yi. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Biro ya zauna kallo. Ga jarumi yana faɗa da wani dodo mai fukafukai, dodon ya make shi, ya faɗa tsohuwar rijiya. Sai hoton ya ɗan yi tsalle. Kawai sai ga jarumin a kan dutse, da farin gemu, yana ɗingishi, ga mata a gefensa.

Biro ya mayar baya. Ya sake mayarwa. Ya goge gilashin kwamfutar da hannun rigarsa, kamar ƙura ce ta ɓoye labarin.

Ya kai wa mai tace hotunansu, wanda ake kira Almakashi. Almakashi ya duba ya ce, "Ai fim ɗin nan a guntule yake. Wajen minti ashirin sun ɓace a tsakiya."

Suka koma wurin Oga tare.

"Oga, wa ya fito da shi daga rijiyar?" in ji Biro.

"Ya fito dai."

"To gemun fa? Matar fa, daga ina?"

Oga ya haɗe rai. "Waɗanda suka yi fim ɗin nan sun fi ku ilimi. In sun tsallake wuri, da dalili suka tsallake. Sabon salo ne."

Haka aka fara ɗauka, kowa kansa a ɗaure. Mai kwalliya ta manna wa jarumi gemu tana tambayar na shekara nawa za ta yi. Jarumin ya ce shi a gaya masa ƙafar da ta karye, don jiya da dama ya yi ɗingishi, yau kuma an ce hagu. Wadda ta fito a matarsa ta ja Biro gefe ta ce, "Don Allah, ni sonsa nake yi ko sato ni ya yi? In san irin kallon da zan yi masa."

Biro ya ce shi ma bai sani ba. Kunya ta kama shi, don marubuci ake ce masa.

Ran nan da la'asar ya koma gida ya tarar da Baba a kan tabarma a zaure, ya kwashe labarin ya gaya masa. Baba ya yi dariya har da tari.

"Wato mutum yana cikin rijiya kun rasa yadda za ku fito da shi? Ai sai ku tambayi masu abin."

Nan Baba ya shiga bayani. Ba a shiga tsohuwar rijiya sai an fara zura fitila da igiya. In ta mutu a ƙasa, iskar wurin ba ta numfashi ba ce. Na ƙasa kuma ba ya ihu, don muryar sai ta watse kafin ta iso sama. Igiya yake ja. Ɗaya, a janye guga. Biyu, a sauko da shi. Uku, ku fito da ni, ina cikin hatsari.

"Ni kaina na taɓa jan uku," in ji Baba. "Mazan duk sun tafi cin abinci. Wata yarinya da ta zo wucewa ce ta ga igiya na rawa, ta riƙe, tana kuka tana kiran mutane, tafin hannunta duk ya sale. Uwarka ke nan."

Biro bai taɓa jin wannan labarin ba. Ya zaro biron daga kunnensa.

Kwana biyu ya rubuta shafi tara. A rubutunsa, ƙasan rijiyar gari ne na aljanu, inda yini ɗaya yake shekara goma a jikin mutum. Ga dalilin gemu. Ƙafar hagu ce ta karye a faɗuwa. Wata mai ɗiban ruwa ce ta zura fitila, ta ji an ja igiya sau uku.

Ya kai wa Oga. Ko buɗewa bai yi ba, ya ture takardun gefen tebur.

"Kai wa ya san ka? Mutane abin da suka saba gani suke so. Sabon labari ai sai masu ƙwaƙwalwa, ba irinmu ba."

Biro ya kwashe takardunsa, ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Oga." Ransa ya ɓaci ƙwarai.

Daraktan fim ɗin ne ya karɓi takardun ya karanta a hanyar zuwa wurin ɗauka. Ranar da suka gama aikin bakin rijiya da sauran rana, ya ce a ɗauki shafukan nan tara a ajiye, ko ba komai 'yan wasa su san abin da suke yi.

Da aka kammala fim, Oga ya gayyaci dillalan fim da iyalan ma'aikata kallon gwaji a babban ɗakin kamfanin. Biro ya riƙo hannun Baba ya zaunar da shi a kujerar gaba, dab da allo.

Jarumi ya faɗa rijiya. Hoto ya yi tsalle. Sai ga shi a kan dutse da gemu.

Ɗakin ya ɗauki ƙus-ƙus. Wata mata ta ce, "Barci na yi ne?" Wani dillali ya ce wannan ai baban jarumin ne. Na kusa da shi ya rantse yayansa ne. Wasu suka fara neman takalmansu.

Oga ya jiƙe sharkaf da gumi. Almakashi ya matso ya raɗa masa, "Oga, akwai cikon wurin fa, an ɗauka."

Oga ya zaci cikakken fim ɗin waje suka samo suka kwafa. Ya miƙe ya ɗaga hannu.

"Ku zauna! Yanzu za ku ga tunanin ƙwararru." Ya waiwayi Biro. "Kai kuma buɗe ido ka koya."

Aka saka. Fitila ta sauka a hankali cikin duhu, tana lumshewa kamar za ta mutu. Ɗakin ya yi tsit. Igiya ta motsa sau ɗaya, sau biyu. Baba ya matso da fuskarsa yana ƙifta ido. Da ta motsa na uku, sai ya zabura tsaye.

"Ja shi, yarinya! Uku ya ja! Kada ki saki!"

Babu wanda ya yi dariya. Matar da ta ce ta yi barci tana share hawaye da gefen mayafinta. Da aka gama, dillalai suka ce a mayar musu da wurin rijiyar.

Oga ya dafa kafaɗar Biro. "Ka gani? Irin wannan kanmu ba zai taɓa kawowa ba."

Darakta ya yi gyaran murya. "Oga, Biro ne ya rubuta. Takardun nan ne da ka ture."

Oga ya dubi darakta, ya dubi Almakashi, ya dubi allo.

"To... daga wane fim ya kwafo? A ba ni in kalla."

Biro ya nuna tsohon da ke kujerar gaba yana lalubar sandarsa. "Ga shi can, Oga. Shekara talatin yana zaure a gidanmu, ni ma ban taɓa tambayarsa ba."

Daga nan Oga ya je ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce wa Almakashi ya saka sunan marubuci a farkon fim, yanzu-yanzu.

Almakashi ya rubuta, ya haska a allo.

"Ƙara girma," in ji Baba.

Ya ƙara.

"Ƙara dai, ɗana."

Sai da sunan ya cika allon daga bango zuwa bango. Baba ya ɗaga yatsa yana bin haruffan ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Da ya kai na ƙarshe ya sauke hannu.

"Na gani," ya ce. "Yanzu idon ya yi abin da ya ga dama."

Darasi: Labarai ba su ƙare ba, mu ne muka daina tambayar na kusa da mu. Wanda ya raina abin gidansu zai kwafi na wasu har da gurbin da ya ɓace, kuma girman kai ba zai bar shi ya ce bai gane ba. Ka zauna da tsofaffinka tun suna nan. Ku tura wa wasu, musamman masu rubutu da masu shirya fim.