Yankakken Gyalen Matan Nyaungzin

Dalilin da ya sa matan Nyaungzin ke fita babban bikinsu da gyale mai yankakken baki, shi zan ba ku yau. Ku matso kusa, kai kuma mai mintsinin ƙanensa ka bar hannunka ya huta.

Nyaungzin ƙauye ne a bakin kogi, can ƙasar Bama, inda mutane ke bin addinin Buda. Suna da sufaye masu aske kai ƙwal, ba noma ba kasuwa, aikinsu ibada da koya wa yara karatu. Idan damina ta sauka, sufayen sukan zauna wuri ɗaya wata uku cur. Da ruwa ya ɗauke sai a yi musu bikin da ake kira Katina, a kai musu sabon mayafi. Mutanen can sun ce abin ya samo asali tun zamanin Buda, ranar da wasu mabiyansa suka iso wurinsa sharkaf da taɓo, tufafinsu duk sun yage, ya ba da izini a riƙa sabunta musu bayan damina. Amma abin da ƙa'ida. Wata ɗaya tak ake da shi, kuma gidan ibada ba ya karɓar mayafin Katina sai sau ɗaya a shekara.

A da, matan garin gyalensu lafiyayye ne kamar na kowa. A lokacin akwai wata tsohuwar masaƙiya, Daw Ngwe, gajeriya mai kaifin harshe. Shekara arba'in ita ke saƙa mayafin Katina, kuma ba ta bari kowa ya manta da haka.

Wata shekara kogi ya yi ambaliya, ya share gonakin auduga, ya wuce da masaƙar Daw Ngwe har da ƙwaryar zarenta. Mutane suka koma neman abin da za su sa a baki. Kwanakin biki suna ta tafiya, babu ko ƙyalle.

A hayin kogi kuwa akwai wani attajiri, U Ba Thaung, wanda ya gina sabon gidan ibada mai rufin zinariya, amma babu sufi ko ɗaya a ciki. Ya aiko wa mai garin Nyaungzin cewa ranar ƙarshe, kafin faɗuwar rana, zai zo da mayafin alharini, in ya so sufayen garin, su biyar, su biyo shi hayi. Babban sufin, wani tsoho mai sanyin magana, ya ce su ba sa son zama kaya a wuyan mutanen da ruwa ya ci dukiyarsu. Idan gari ya gaza, za su tafi.

Da safiyar ranar ƙarshe mai gari U Shwe Lon ya tara jama'a a gindin itace, ya ce shi ya amince sufaye su bi attajirin. Daw Ngwe ta ji kamar an mare ta. Idan sufaye suka haye, wa zai koya wa jikokinta karatu? Wa zai yi mata addu'a ranar da ta mutu? Ta ratsa mutane tana dogara sanda.

"Shwe Lon, ni na goya ka. Yau kai ne za ka ba da malamanmu saboda ƙyalle?"

"Inna, ki yi haƙuri. Ina audugar? Ina masaƙar? Da me za ki saƙa, da bakinki?"

Wasu suka yi dariya. Ita kuwa ba ta yi ba. Ta zare farin gyalen da ke kafaɗarta, irin wanda matan can ke yafawa idan za su gidan ibada. Mahaifiyarta ce ta saƙa mata shi, shi kaɗai ya tsira daga ruwa domin yana jikinta. Ta ciro wuƙa, ta yanki taƙi guda daga bakinsa, ƙiii, kowa yana ji.

Mai gari ya riƙe baki. "Tsumma za ki haɗa ki kai musu? Ga alharini yana zuwa! Ai sai mu zama abin dariya."

"Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni," in ji ta. "Kuma ka taɓa duban mayafinsu da kyau? Dama can gunduwa-gunduwa ake ɗinka shi, kamar fadamar shinkafa. Wadda ke da gyale ta miƙo. Wadda ke tsoron gyalenta ya gajarce ta koma gida."

Can sai wata amarya, wadda gyalenta ko wanki biyu bai sha ba, ta fito tana hawaye ta miƙa. Daga nan fa sai layi. Mata sittin da 'yan kai, kowacce taƙi guda.

Suka duƙufa. Daw Ngwe ta zauna a tsakiya tana auna gunduwoyi da yatsu, tana faɗa. Wadda ɗinkinta ya karkace sai ta ji sanda a gwiwa. Maza da kunya ta kama su suka saro itacen rini, suka dafa ɓawon a manyan tukwane. Mai gari da kansa aka gani yana hura wuta, hayaƙi na sa shi ƙwalla. Da azahar aka tsoma, aka matse, aka shanya a rana.

Da mayafin ya bushe sai Daw Ngwe ta ga aibi. Rinin bai kama bai ɗaya ba. Tsohon gyale ya sha ya yi duhu, sabo ya fito da haske, kowace gunduwa da irin ruwan goronta. Tun da take ba ta taɓa fitar da aiki mai dabbare-dabbare haka ba. Ta ji kunya ƙwarai, amma rana ta riga ta karkata, kuma ga gangunan jirgin attajiri ana jiyowa daga tsakiyar kogi.

Ta naɗe shi, ta ɗora a ka, jama'a suka bi ta har gidan ibada. Ta durƙusa ta ajiye gaban sufaye, kanta a ƙasa.

Babban sufi ya warware mayafin, ya daɗe yana dubawa.

"Wa ya kawo wannan?"

Daw Ngwe ta ce, "Ranka ya daɗe, babu mutum ɗaya. Gida-gida ne."

"To, garin da ya yanki na jikinsa bai gaza ba," in ji shi. "Mun karɓa."

Sufayen suka yi shawara kamar yadda suka saba, suka ba wanda mayafinsa ya fi tsufa a cikinsu. Ya yafa ya fito, sai mata suka ɓarke da sowa, kowacce tana nuna gunduwarta. "Ga tawa can a kafaɗa!" "Tawa ce mai duhun nan!" Daw Ngwe ta ɗaga kai, ta ga abin da ta ɗauka aibi shi ne ya sa kowa ya gane nasa. Ranar dai babu wanda ya kai ta tsawo a garin.

U Ba Thaung ya iso da alharininsa a kan faranti, rana saura ƙiris. Babban sufi ya yi masa godiya, ya ce Katina sau ɗaya ce, kuma an riga an yi. Mai gari ya raka shi har bakin jirgi, yana ba shi labarin yadda su mutanen Nyaungzin ba sa roƙo.

Auduga ta dawo, an sake kafa masaƙa, amma ba a sake saƙa mayafin Katina daga zare a garin ba. Shi ya sa har yau, duk shekara matan Nyaungzin kan yanki bakin gyalensu su haɗa, su fita biki da yankan a waje, ba sa ko kalmashe shi. Idan ka ga tsohuwar da gyalenta ya ƙanƙance har da ƙyar yake rufe kafaɗa, ka matsa mata hanya, ita ce a gaba.