Jabbar da ke Tsayuwa da Kanta

An ce wai a wani gari na bakin gulbi an yi wani maɗinki, Cindo, mai yatsu shida a hannun dama. Mutane kan ce na shidan ne ke jin halin tufa, Allah dai ya san gaskiya.

Wata rana Madugu Sambo ya kawo masa alharini daga Gabas, da farin ƙyallen shafi na cikin riga, da wani saƙi da aka jiƙa da ƙullun rogo har ya yi tauri kamar ƙirgi. Ya ce, "Ka yi mini jabba wadda za ta fi ta Ɗan'iya." Ɗan'iyan nan abokin gasarsa ne a fatauci.

Cindo ya shafa alharinin, ya ji yana zamewa kamar ruwa. Sai ya yanki saƙin kaɗan, ya sa shi tsakanin alharini da shafi a wuya, da bakin gaba, da bakin aljihu, ya mayar da saura.

Da Madugu ya ga jabba ta kwanta luf, sai ya kai ƙara gaban Alƙali Haliru. Al'adar garin kuwa, maɗinkin da ya ɓata tufa, karya allurarsa ake yi a bainar jama'a, ya bar rumfa har abada. Cindo ya durƙusa, allura na maƙale a hularsa, yana tunanin ko yau ce ranarta ta ƙarshe.

Madugu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ta Ɗan'iya ko'ina saƙi ne, in an ajiye ta da kanta take tsayuwa. Wannan kuwa sai ka ce lagwani!"

Cindo ya ce, "Malam, alharini ba a yi masa dole. Inda hannu ke ja na ƙarfafa, saura na bar shi da halinsa."

Alƙali ya sa aka aro jabbar Ɗan'iya, aka girke ta tsakiyar zaure. Ta tsaya ƙiƙam kamar rumbu, har wata kaza ta shige ƙarƙashinta ta sha inuwa.

Alƙali ya ce, "Lalle ta tsaya. Madugu, sa ta, ka zauna ka maimaita ƙararka, don a nan ba a shari'a a tsaye."

Madugu ya sa, ya zauna. Jabba ta ƙi zama. Gindinta ya tokare ƙasa, wuyanta ya haura kunnuwansa, ya ture rawani, sai muryarsa ake ji daga ciki kamar wanda ya faɗa rijiya.

Alƙali ya ce, "Ina mai ƙara? Ni riga nake gani."

Aka zare shi, aka sa masa ta Cindo. Ya zauna, wuya ya tsaya cas, saura ya malala bisa gwiwoyinsa. Ya duba jikinsa, ya shiga shafa ta.

Alƙali ya ce, "Rigar da ke tsayuwa da kanta ba ta bukatar mai ita. Wannan da ke jikinka ta tashi da tashinka, ta zauna da zamanka, ita ce taka. Cindo, koma rumfarka."

Cindo ya tashi, ya yi godiya ya fita.

Shi ya sa magabata ke cewa, tauri yana da gurbinsa: wanda ya taurara ko'ina, tsayuwa ya iya, amma ba ya iya zama cikin mutane.