Yadda Kurege Ya Sallami Shaho da Mesa

Ga wata nan tafe gare ku. Ku matso, mai gyangyaɗi ya koma baya.

A wani daji mai doguwar ciyawa, inda kuka da aduwa da kanya suke tsaye jefi-jefi, akwai wani Kurege da ya yi shekaru yana yawon duniya. Ya je kudu, ya je arewa, ya dawo gida da wutsiya buzu-buzu, baki cike da labari, ciki babu komai. In aka tambaye shi abin da ya samo a tafiyar, sai ya ce, "Ilimi." Ilimin kuwa bai taɓa ƙosar da shi ba.

Damina ta ja baya. Kanya ta nuna, aduwa tana zuba, ƙwayar ciyawa ta rufe ƙasa. Lokacin tara abincin rani ke nan, kuma kuregen da bai cika rumbunsa na ƙarƙashin ƙasa ba, ba zai ga wata daminar ba. Sai dai fita tsince ba wasa ba ne. A sama akwai Shaho, yana shawagi yana leƙen duk abin da ya motsa. A ƙasa akwai Mesa, tana bin ramuka kamar mai ziyarar dangi. Ɓeraye ne abincinsu, amma in kurege ya faɗo musu, ba sa cewa ba su saba ba.

Kurege ya leƙo daga rami, ya ga maƙwabciyarsa Gwaggo Delu, tsohuwar ɓera, tana jan 'ya'yanta cikin sauri.

"Gwaggo, yaya yaran?"

"Waɗanda suka rage suna lafiya," in ji ta. "Mu haifa, a ɗiba. Haka muka taras."

"Haka kuka taras don ba ku taɓa fita ko'ina ba. Ni ne Kurege, ƙaramin jiki babban kai. Kafin kanya ta ƙare, ba Shaho ba Mesa a dajin nan."

"Allah ya taimaka, ɗan nan. Ka dai ci wani abu tukuna, muryarka rawa take yi."

Da gari ya waye, Kurege ya samo ƙoƙon wani kunkuru da ya daɗe da mutuwa, ya shige ciki, ya ja shi da ƙyar har gindin kukar da Shaho yake sauka. Ya maƙe murya kamar tsoho.

"Ranka ya daɗe, sarkin sama. Baƙo ne daga kurmi, can kudu."

Shaho ya sauko, ya ƙwanƙwasa ƙoƙon da baki, ya ji ba abin ci ba ne. "Me ya kawo ka, Baba?"

"Tausayi. Na ga kana ta zagaye cikin rana saboda ɓera ɗaya. A wurinmu ruwa ba ya ɗaukewa, itatuwa sun ninka kukar nan tsawo. Ka zauna a ƙololuwa, abinci na yawo a kowane reshe. Shahunanmu har sun manta yadda ake tashi, ƙiba ta hana su."

"Kai me ya fito da kai daga irin wannan ƙasa?"

"Ƙoshi ne ya ishe ni, ranka ya daɗe. Na zo in ɗanɗana yunwa in ji yadda take."

Shaho bai ƙara tambaya ba. Ya buɗe fukafukai ya nufi kudu, ko sallama babu.

Da gari ya waye, Kurege ya tsinto ƙayoyin da beguwa ta zubar, ya ɗebo ƙaro a jikin itace, ya manna su a bayansa har ya zama abin da ba mai hankalin da zai haɗiya. Ya tarar da Mesa tana shan hantsi a kan dutse.

"Uwar ɗakina, barka da hutawa. Jakada ne daga hamada, can arewa."

Mesa ta dube shi, ta dubi ƙayoyin, ta haɗiye yawu ta haƙura. "Faɗi saƙonka."

"Mun ji labarin ke ce babbar macijiya a ƙasar nan, amma kullum sai kin nemi dutse kin ɗumama jiki kamar ƙadangare. A wurinmu ƙasar duka ɗumi ce. Rairayi mai laushi iya ganinki, babu ciyawa ko tsinke da ɓera zai ɓuya. Kina kwance za ki hango abincin gobe yana tahowa."

"Ruwa fa?"

"Ruwa? Ai ba ma maganarsa, uwar ɗakina. Ba a taɓa jin wani ya yi ƙorafin ya yi masa yawa ba."

Wannan dai gaskiya ya faɗa. Mesa ta sulale ta nufi arewa.

Kurege ya karkaɗe ƙayoyi, ya hau suri ya miƙe wutsiya. "Ni ne Kurege, na aika mai fukafukai inda ba a ganin ƙasa, na aika mai jan ciki inda ƙasa ke ƙuna. Wa ya isa?"

Ranar ya ci har ya kasa shiga raminsa. Ya tara kanya, ya tara ƙwallon aduwa, ya cika rumbu ya haƙa wani. Ya yi rani yana kwance a fili, ciki sama, yana ba ƙadangaru labarin ƙasashen da ya gani.

Gwaggo Delu kuwa ta haihu, ba a ɗiba ba. 'Ya'yan suka haihu, ba a ɗiba ba. Jikokin ma ba su tsaya jiran kowa ba. Da ruwa ya sauka, ciyawa ta tsiro, ɓeraye suka cinye tohon. Ta sake tsirowa, suka tone saiwar. Kanya ba ta kai ga nuna ba, aka bi ta har reshe. Zabi suka rasa ƙwaya suka yi ƙaura, gada ta rasa inda za ta ɓoye ɗanta ta bi su. Dajin da ciyawa ke rufe barewa ya koma tamkar dandali, ko'ina rami, ko'ina ido biyu da gashin baki.

Kurege ya je tsince ya dawo da ƙura. Abin da ya rage a duk dajin shi ne ragowar rumbunsa, kuma ɓeraye sun fara shinshina wajen.

Ya sami Gwaggo Delu, ta rame har ƙashin baya ya fito.

"Gwaggo, ki ja wa zuriyarki kunne. Wannan haihuwa ba tsari."

"A da akwai masu tsarin," in ji ta. "Wani mai ilimi ya sallame su."

"To ai taimakonku na yi."

"Mun gode. Da, Shaho kan ɗauki ɗaya, sauran su ƙoshi. Yanzu ba wanda ake ɗauka, kowa na mutuwa a hankali. Ka ga ci gaba."

Kurege ya kaɗa wutsiya. "Wanda ya kori Shaho ba zai rasa yadda zai yi da ɓera ba. Gobe za ki gani."

Da gari ya waye, ya je gindin kuka ya tsince tsofaffin gashin da Shaho ya zubar. Ya shafe jikinsa da ƙaro tun daga kunne har wutsiya, ya manna gashin, ya ɗaura ƙayar aduwa a hanci. Ya hau surin da ke kan rumbunsa, ya ware hannuwa, ya ƙwala kuka irin na Shaho.

"Ku watse, sarkin sama ya dawo!"

Ba wanda ya watse. Ɓerayen nan duk bayan tafiyar Shaho aka haife su. Ba su taɓa ganin inuwa ta faɗo daga sama ta tashi da ɗan'uwansu ba. Suka matso, suka kewaye surin, suna kallo.

"Gwaggo, wannan wace irin kaza ce?" in ji wani.

"Ana ci?" in ji wata.

"Ni ne Shaho," in ji Kurege, muryar ta fara sirancewa. "Ni nake cin iyayenku. Ku tambayi tsohuwar can."

Gwaggo Delu ta ɗaga kai ta dube shi. "Shahon da na sani ba ya hawa suri da ƙafa yana haki. Sannu da ƙoƙari, ɗan nan."

Sai wani ɓera ya miƙa hanci ya shinshina. Ya lasa. Ya juya ya gaya wa na baya cewa kazar ƙaro ce a jikinta. Ƙaro kuwa, ga mai yunwa, alewa ce.

Suka hau shi. Masu gatsar ƙaro suna haɗawa da gashi, masu haɗawa da gashi suna haɗawa da fata. Kurege yana birgima yana rantsuwa cewa shi babban tsuntsu ne. Waɗanda ba su sami wuri a jikinsa ba suka tone gindin surin, suka faɗa rumbu. Kafin ya miƙe, ko ɓawon kanya ba su bar masa ba.

Ana cikin haka inuwa ta gifta. Shaho ne na gaske, ya rame, gashinsa ya yi funfuna. Ya yi wata da watanni a kan dogayen itatuwa yana kallon ganye, ruwa na dukansa, bai ga ƙasa ba balle abin da ke kanta. Daga arewa kuma ga Mesa tana jan jiki, fata duk ta sale, rana ta gasa ta, ƙishirwa ta shanye ta.

Suka tsaya suna kallon ɓeraye iya ganinsu, ba ɓeran da ya ko motsa don gudu. Sannan Shaho ya ga wani abu a kan suri sanye da gashinsa.

"Wannan rigar kamar na san ta."

"Ranka ya daɗe," in ji Kurege, "ajiya na yi maka."

"Wannan muryar ma na san ta. Baba kunkuru, yaya ƙoshi?"

"Ni kuma jakadan hamada nake ji," in ji Mesa, tana matsowa. "Zo ka ba ni labarin ruwa."

Kurege ya duba hagu, ya duba dama, ya ga ilimi ya ƙare, saura ƙafa. Ya daka tsalle. Mesa ta kai sara ta cafke gashin wutsiya, Shaho ya kawo sura, farcensa ya karce shi a haƙarƙari tun daga kafaɗa har cinya. Farin layin da kuke gani a gefen kurege har yau, nan ya samo shi.

Bai tsaya ba sai da ya kai bakin dajin. Ya waiwaya, ya hango Shaho da Mesa suna ta aiki, ɓeraye kuma sun fara koyon gudu a makare. Ya lashi ciwonsa, ya miƙe abin da ya rage na wutsiya.

"Dubi marasa godiya," ya ce. "Sun bar ɓera ɗaya-ɗaya, na tara musu garke. Wa ya taɓa yi musu irin wannan kiwo? Laifina ne da na tsaya a ƙauye, inda ba a san darajar mai ilimi ba."

Cikinsa ya yi ƙara. Ya ɗingisa ya nufi kogi, yana cewa ya ji labarin akwai wani Kada a can da zaman ruwa ya gundura.

Ƙurunƙus. Kan ɓera ne, ku ɗiba, akwai su da yawa.